Ƙullin Haɓar Zanen Goggo Tumba

Duk wanda ya taɓa sayen dafaffen ƙwai wajen Goggo Tumba a tashar Bagudo ya san ba a isa a ɓare shi da hannun kai ba. Ka biya dai, amma ƙwan bai zama naka ba sai ta ɓare. Za ta ƙwanƙwasa gindinsa sau ɗaya a bakin tire, ta murza shi tsakanin tafukanta, ta sa babban yatsa, sai ka ga ɓawon ya sulluɓe gaba ɗaya kamar an tuɓe wa jariri riga. Ta dangwala yaji ta miƙo maka tana hararar ka. In kuwa ka yi gigin zura hannu cikin tiren, ludayi za ka sha, ko kai wane ne. Da idona na ga ta ƙwale hannun wani mai babbar riga da ya sauko daga motar Kamba.

Ya ce, "Haba Inna! Ai na biya!"

Ta ce, "Na ci ka biya, ba na ɓarna ba. Janye hannunga."

Wallahi ya janye. Ya ci uku, kuma ya yi godiya.

Ku da kuka san ta kun san abin da ya sa ake layi a gabanta. Kowace mace ta san ƙwan da aka saka yau ba ya ɓaruwa. Ka dafa shi, ɓawon ya manne, ka yi ta tsinka da farce har farin ya bi ɓawo, a bar ka da abin kunya a hannu. Shi ya sa sauran masu sayarwa ke ajiye nasu ya kwana bakwai ko goma kafin su dafa, kuma da zafin garinmu, a cikin goma ba a rasa baragurbi. Ita kuwa Goggo ƙwan yau take dafawa, na kaza ko na zabo, ya ɓaru sumul. Yadda take yi, Allah kaɗai ya sani sai ita. Abu ɗaya dai kowa ya lura da shi: da zarar ƙwai ya shiga tukunya sai ta juya wa mutane baya, ta kwance wani ƙulli a haɓar zanenta, ta ɗan sunkuya, ta sake ƙullewa. Duk Bagudo an yi ittifaƙi asirin yana cikin ƙullin nan.

Ni Ige, ɗiyar ƙanenta ce. Na zo gidanta ne bayan na fita takaba. Maigidana ya rasu a Kaoje, shekarar kuma ruwa ya cinye 'yar shinkafar da ya bar mana, na tattaro yara uku na zo ba gona ba sana'a. Goggo ba ta da ɗa a raye. Na ce a raina, to Alhamdu lillahi, ga sana'a har gida, in na koya na riƙe marayun nan. Kwana biyu da zuwana na durƙusa gabanta.

"Goggo, ki koya mini dahuwar ƙwan nan."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tashi hura wuta."

Na hura.

"Ɗora ruwa. Kar ki kira ni sai ya tahwasa har yana hauka."

Na ɗora. Ya tafasa. Ta ce in riƙa zura ƙwai da ludayi ɗaya bayan ɗaya, in na fasa ko guda ta fasa kaina. Ta juya baya ta yi abinta da ƙulli. Can ta ce in kwashe in zuba cikin ruwan randar da ta binne a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin dalbejiya, randar da ko ƙishirwa za ta kashe ka ba ka isa ka sha ba. Na yi duka. Da muka gama na ce, "To Goggo, sai koyon."

Ta ce, "Gobe."

Jama'a, goben nan shekara uku ta yi! Kullum hura wuta, ɗora ruwa, kwashe, zuba. In na yi magana ta ce, "Abin da anka hwaɗa maka na mai hwaɗi ne. Abin da ka gani shi ne naka." Na ji maganar nan har ta gundure ni. Ina kallon yarana suna girma, ina tunanin in tsohuwar nan ta faɗi yau, da me zan ciyar da su? Sau nawa na shiga ɗaki na yi kuka, na ce wannan wace irin rowa ce, ɗiyar ɗan'uwanki?

Wata rana ta tafi suna Lafagu, na ce yau zan gwada sa'ata. Na ɗebi ƙwai shida na kajinmu. Amma da yake na riga na sa wa raina duk aikin yana cikin ƙulli, sai na ɗauka jiran tafasar nan da ruwan randa fi'ilin Goggo ne kawai da ɓarnar itace. Na zuba su cikin ruwan sanyi na ɗora, yadda mahaifiyata take yi, na barbaɗa gishiri a madadin ƙulli, na bar su suka huce cikin tukunya. Innalillahi! Da na zo ɓarewa sai ka ce kaji sun yi caccaka. Ina cikin neman inda zan ɓoye sai ga sallamarta. Ta ɗaga guda ta juya shi a rana.

"Ige, wa ya yi agana cikin gidanga ban sani ba?"

Ta mayar da shi cikin sauran ta turo mini.

"Ki cinye su ke kaɗai. Kar ki ba yarana, su ɗauka haka duniya take."

Na ci shida ina hawaye, ko yaji ta hana ni.

Ba ni kaɗai ke neman asirin ba. Kun tuna Larai da ke zama da nata tiren ta wajen masu faci? Ita ce ranar nan wani direba ya fasa ƙwanta warin ya kori rabin tasha. To ta shigo mana da safe wai ɗiban wuta, ta ɗiba ta fita, ashe ta laɓe jikin zana tana leƙe. Goggo ta hango ƙafarta ta ƙasan zanar. Sai ta ƙifta mini ido ta jawo wata tsohuwar tukunya da babu komai ciki sai ruwa. Ta jefa kanwa. Ta jefa tsohuwar ƙusa. Ta tsinci gashin zabo uku ta jefa, ta ɗebi toka ta watsa. Sannan ta shiga zagaya murhu da baya da baya tana motsa baki. Ni da ke kusa na kasa kunne, sai na ji abin da take cewa: "Bagudo, Kaoje, Lafagu, Lolo. Bagudo, Kaoje, Lafagu, Lolo." Kamar yaron mota! Na toshe baki da gyale har cikina ya ƙulle.

Washegari Larai ta fito da ƙwai masu launin ƙasa, suna warin kanwa, ɓawon ya manne kamar an sa masa ƙaro. Goggo ta bi ta gabanta ta tsaya.

"Larai, sannu da aiki. Ƙusar taki ta yi ƙanƙanta. Ki nemo ta ƙyaure."

Mun yi dariya ranar. Ashe dariyar nan za ta zame mana kuka.

Da damina, lokacin da zabi ke saka, Goggo takan hau bayan mashin ɗin Manu ɗan kabu-kabu su tsallaka iyaka zuwa rugagen Fulanin Benin, ƙasar da har ta mutu Faranshi take ce mata. Takan jera ƙwan cikin kwando da ƙaiƙayin shinkafa, ta rungume abinta. Ba ta yarda a ɗaure shi a bayan mashin, wai igiya ba ta da tausayi. Wata Talata suna dawowa, an sha ruwa hanya ta yi santsi, wani mai mashin ɗauke da jarkokin fetur ya taho a guje, Manu ya kauce sai cikin kwazazzabo. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce ya tashi jini na bin ƙafarsa, ya hango Goggo kwance rigingine cikin taɓo, hannun dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, na hagu kuwa ya tokare kwando bisa cikinta.

"Goggo! Kina da rai?"

"Rufe mini baki ka zo ka duba ƙwai."

Ya duba. Ko ɗaya bai fashe ba.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. To ɗaga ni, hannuna ya karye."

Ya kawo ta gida ina salati ina cewa a kira mai ɗori. Ta ce babu mai taɓa ta sai an dafa ƙwan nan, ai na yau ne, gobe ya zama na jiya. Oh ni Ige! Tana zaune gumi na tsattsafo mata, leɓe ya yi fari, tana ba ni umarni. Har ƙullin sai da ta juya baya ta kwance da haƙori. Sai da ƙwai ya shiga randa sannan ta ce, "To, yanzu ku kira shi." Tana faɗa ta some.

Labari ya zaga gari, kuma ba ta inda muke so ba. Mutum ya faɗo daga mashin, ƙashi ya karye, ƙwai bai fashe ba? Ai da walakin. Shekarun nan kuwa ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa na kaffa-kaffa, masu bori sun ɓoye kayansu, kalmar tsafi ta fi wuta ƙuna. Larai ta samu abin da take jira. Ta tafi wajen Liman ta ce da idonta ta ga Tumba na zagaya tukunya da baya tana kiran sunayen aljanu, kuma daga Faranshi take ɗauko abin. Kafin kwana uku na kai tire tasha na dawo da shi yadda na kai. Manu ma, wanda kullum sai ya ci biyu, ya wuce ni yana kallon sama. A ranar na dafa wa yara kunu tsararo muka sha, na ga ƙarshenmu ya zo.

Aka kira mu ƙofar gidan Liman bayan la'asar. Dattawan unguwa na zaune bisa tabarmi, samari masu wa'azi na tsaye, mata sun cika zaure suna leƙe. Liman mutum ne mai sanyi, Allah ya ji ƙansa shi ma. Ya saurari Larai har ta gama, sannan ya ce, "Ke da kinka gani, kin gwada?"

Ta ce, "Na gwada, Malam, bai yi ba."

Ya ce, "Ashe ke kinka yi tsahi ke nan, sai dai bai karɓe ki ba."

Aka yi 'yar dariya, Larai ta ja gyale ta rufe fuska. Ya juyo ga Goggo.

"Tumba, magana ba ta da tsawo. Hwaɗa muna abin da kike sa ma tukunya, kowa ya kama gabansa."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba ni hwaɗi."

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi! Tumba, kin san gaban wa kike?"

"Na sani. Ko bulala za a yi mini, ba ni hwaɗi. Sana'ata ce, ba wa'azi ba."

Na dafe ƙirji. Na matsa na raɗa mata, "Goggo, don girman Allah, ki tuna yaran nan." Ta ture ni da gwiwar hannu.

Ta ce, "Amma Malam, ido ya hi kunne. A shiga gidanka a ɗauko ƙwan da kajinka sunka saka yau. Tukunyarka, itacenka, ruwan randarka. Ni ga hannuna ɗaure, ba ni taɓa komi. Ige za ta dahwa."

Ni? Na ce, "Goggo, ni ban iya ba! Kin manta na agana?"

"Tashi hura wuta."

Abin mamaki, ƙafata ce ta tashi ba ni ba. Aka haɗa murhu a gaban jama'a, matar Liman ta fito da ƙwai bakwai, ɗaya ma da ɗuminsa. Na hura wuta. Na ɗora ruwa na jira har ya yi hauka, don shi hannuna ya saba. Na zura su da ludayi ɗaya bayan ɗaya. Ina zura na ƙarshe sai Goggo, saboda tsabar sabo, ta juya wa Liman da dattawa baya ta kai haɓar zane baki.

Wani saurayi ya daka tsalle. "Ga shi nan! Ga shi nan! A riƙe ta!"

Mata suka yi baya suna a'uziyya. Liman ya ce wa matarsa ta karɓi ƙullin ta kwance a gaban kowa. Baiwar Allah ta yi bisimilla ta fi sau bakwai, ta kama shi da yatsu biyu kamar za ta ɗauki kunama. Ni ma na miƙa wuya. Shekara uku ina mafarkin abin nan.

Goro ne. Ɓarin goro, ja, har ya fara yaushi.

Liman ya juya shi ya sansana. "Tumba, goro?"

"Goro."

"To mi ya sa kike ɓoyo kamar kin yi sata?"

"Malam, kamar ba ka san mutanen Bagudo ba? Ɓari guda, hannu goma. Ba ni abina, ƙwai na bisa wuta."

Ta ɓantari rabi ta jefa baki ta shiga tauna a hankali, gari guda na tsaye na kallon muƙamuƙinta. A nan ne abin ya faɗo mini. Kullum sai ta gama taunar nan take cewa in kwashe. Goron ba ya shiga tukunya, agogonta ne! Tana tofar da tuƙa, kafin ta buɗe baki na riga na kai ludayi. Na kwashe na zuba cikin ruwan randa, na bar su suka yi sanyi ƙalau. Na ɗauki guda na dube ta, don ban taɓa ɓarewa a gabanta ba. Ta kau da kai. Na ƙwanƙwasa gindin, na murza, na sa yatsa.

Ya sulluɓe. La'ilaha illallahu, ya sulluɓe gaba ɗaya, fari tas ko ƙwarzane babu! Na tsaya riƙe da ƙwai ina kallonsa baki buɗe. A duk taron nan babu wanda ya kai ni kaɗuwa.

Liman ya karɓa ya yi bisimilla ya ci. Ya nemi gishiri ya ci na biyu. Ya goge gemu ya ce, "Jama'a, ni dai ban ga tsahi ba. Rowa na gani, ita kuwa ba ta da haddi. Kowa ya tahi gida."

A hanya ban iya haƙuri ba. Na ce, "Goggo, shekara uku kina jin kukana ta bayan ɗaki?"

"Ina ji. Har na ce ko ciwon haƙori kike."

"Da kin faɗa mini mana!"

"Da na hwaɗa miki ranar da kinka zo, kahin magariba Larai ta ji. Bakinki ba shi da ƙyaure, haka ubanki yake. Yanzu hannunki ya sani, shi kuwa ba ya tsegumi."

Na ce to ai yau kowa ya gani, asiri ya tonu. Ta yi wata 'yar dariya ta ce in bari sai gobe. Tabɗijam! Washegari goro ya yi wuya a Bagudo. Kowace mai ƙwai ta zuba nata cikin ruwan sanyi yadda ta saba, ta zauna gaban murhu tana taunar goro tana jiran ikon Allah. Larai ma cikin tukunyar ta jefa nata. Sun tsaya an yi komai a gabansu, amma idonsu na kan ƙulli, ba wadda ta dubi ruwan.

Hannun Goggo bai koma daidai ba, don haka tiren ya dawo gabana. Ita sai ta zauna bayana bisa kujera 'yar tsugune da ludayinta tana gadin hannayen mutane. Da tiren nan na ciyar da marayuna, na aurar da biyu, na ukun ga shi yana koyarwa a Lafagu. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini na iya ba. Iyakar yabonta shi ne ta karɓi ƙwai ta juya shi, ta ce, "Ba laihi."

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta yi kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba. Ranar Alhamis da hantsi ta buɗe ido ta ce, "Ige, ƙwai. Na yau."

Na ruga akurki, Allah ya sa wata ta saka. Na tafasa ruwa na zura. Amma ina jin yadda numfashinta ke fita daga ɗaki, na kasa tsayawa. Na tsoma shi a randa na tsamo tun bai huce ba, na ɓare ina ƙona yatsu. Wani ɗan guntun fari ya bi ɓawo, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na juya wurin da ya guntule ƙasa na kai mata. Ta karɓa da hannun hagu ta juya shi, sai da ta gano wurin.

"Kin yi gaggawa."

Na ce, "Na yi, Goggo. Tsoro na ji." Hawaye ya ƙwace mini.

"Sakarya. Ina za ni ban ci ƙwaina ba?"

Ta ɗan gatsa kaɗan ta miƙo mini sauran. Sannan ta laluba haɓar zanenta, ba ta juya baya ba, ta yi ta fama da ƙullin har ya kwance. Ɓarin goro ne a ciki. Ta kama hannuna ta sa mini, ta naɗe yatsuna a kai. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta ba wani mahaluki goro ba sai ranar. Kafin a kira azahar ta cika.

Allah ya ji ƙan Goggo Tumba. Ya yafe mata ludayin da ta ƙwala wa bayinsa, ya sanyaya makwancinta fiye da randar nan tata. Ta riƙe marayu uku da uwarsu ba ta taɓa goranta mana ba, ya Allah ka riƙe ta kai ma. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.